Sawun Basukur ɗin Labbo a Hanyar Tsafe

Ɗarin bana ya cika shekara arba'in da biyu da rasuwar yayana Labbo. Ba ni da takardar da aka rubuta ranar, don a lokacin ba mu san rubuta irin wannan ba. Abin da na riƙe shi ne an gama cirar auduga, ba a fara sharar gona ba, kuma sanyi bai saki gari ba tukuna. Kowace shekara idan dugadugaina suka fara faso, na ga dattawan unguwarmu sun lulluɓa da gwado sun kewaye wuta da sassafe, sai in san lokacin ya zagayo. Na daɗe ina son in ba da labarinsa a wannan shafi ina fasawa, saboda akwai abin da ke cikinsa wanda ni kaina ban gama ganewa ba. Bana da na ga sa'o'ina suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai na ce gara in faɗa tun da sauran wanda ya gani da idonsa.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu, shi ne babba, ya ba ni shekara shida. Ƙauyenmu yana gab da Ruwan Bore. Can muka bar Inna muka shigo Gusau, ni ina ɗinki a wata rumfa a bakin kasuwa, shi kuma ya sami aikin masinja a wani kamfanin sayen auduga. Jirgin ƙasa bai iso ba, ana dai jin labarin ana shimfiɗo hanyarsa daga wajen Zariya. Kamfanin ne ya ba shi keke, wanda a zamanin muke kira basukur. A iya sanina biyu ne kacal a hannun 'yan ƙasa a duk yankin, nasa da na akawun kamfanin, shi kuwa akawu ba ya fita da nasa bayan gari. Aikin Labbo shi ne kai takardu kasuwannin auduga, yau Bungudu da Nahuce, gobe ko jibi Kwatarkwashi har Tsafe. Da yake auduga a ɗari ake sayenta, tafiyarsa duk ta ɗari ce.

Wanda bai hau keke da asubar ɗari ba bai san sanyi ba. Mai tafiya a ƙasa jikinsa yana ɗumama a hankali, amma mai keke shi ke kai kansa ga iska. Labbo kan shafa man kaɗe a leɓe da ƙwauri, ya naɗe hannuwansa da tsumma, ya ja rawani ya rufe kunnuwa da hanci, idanu kaɗai a waje. Duk da haka yakan dawo yatsunsa sun ƙage, sai an ɗora masa su a jikin tukunya mai ɗumi kafin ya iya riƙe ludayi. Hanyar ba wannan kwaltar da kuke gani yanzu ba ce. Rairayi ne da burtali da tsidau, ga rafuka da sai ka saɓa keken a kafaɗa ka ratsa ruwan da ke yankan ƙafa kamar aska. Wata rana tayarsa ta baya ta tsage kusa da Bungudu, babu inda za a sami wata, sai wani baduku ya ɗinke masa wurin da guntuwar fata. Tun daga ranar, duk zagayen da tayar ta yi sai ta bar shaida a rairayi, kamar an danna babban yatsa, da 'yan layukan ɗinki uku a gefe. Ko makaho ya shafa sawun ya san na Labbo ne.

Takardun kamfani kaɗan ne daga abin da yake ɗauka. Mutane sun gane cewa tafiyar da ke cin su kwana biyu shi a wuni yake yin ta, sai suka riƙa tare shi da saƙo. Ka gaya wa wance ɗiyarta ta sauka. Ka gaya wa wane an sa ranar. Bai taɓa cewa a'a ba, kuma bai taɓa haɗa saƙon wani da na wani ba, alhali ba ya rubutu. A shekarunsa biyu na farko, da an ji ƙararrawarsa a bayan ƙauye sai ka ga an fito ana murna, wani ya ɗauko tabarma, wata ta damo fura.

A ɗari na uku sanƙarau ya shigo. Mutum ya kwana lafiya, da hantsi ya ce kansa, kafin kwana biyu wuya ya sanƙare, sai a kira masu wanka. Gusau ta cika da 'yan cin rani daga ƙauyuka, masu dako da masu ɗinkin buhu, su ne cutar ta fi ɗauka, kuma kowanne yana da uwa ko mata a wani wuri da ba su sani ba. Saƙon Labbo ya koma iri ɗaya. An ce ɗan aike ba ya laifi, amma wannan magana ce ta lokacin lafiya. Ƙauyukan da ke fitowa tarbarsa suka koma ja da baya. A wani gida a Nahuce ya roƙi ruwa, aka ajiye masa ƙwaryar a ƙasa aka matsa. Da ya ga tun kafin ya buɗe baki mata sun fara kuka da jin ƙararrawa, sai ya kwance ta ya kawo mini. Na jefa ta a akwatin da nake ajiye zare da almakashi, na rufe.

Bayan kamar mako biyu ya dawo daga wajen Bungudu da yamma, ya zauna a rumfata bai cire rawanin ba. Na miƙa masa kunu bai karɓa ba.

Ya ce, "Ummaru, jiya da la'asar ina nike?"

Na ce, "Kana nan zaune, Yaya, kana gyaran sarƙa."

Ya ce, "To mutanen Nahuce sun ce jiya da la'asar ina can. Na ishe su zaune sun shimfiɗa tabarmi, sun ce ni na zo na hwaɗa musu. Sun ce har ƙararrawa sunka ji."

Na buɗe akwati, ga ƙararrawa a ƙarƙashin zare inda na bar ta. Na yi dariya, na ce wani matafiyi ne ya riga shi, mutanen da tsoro ya cika wa ciki kowa suka gani Labbo ne. Sai ya dube ni ya ce mamacin da ya kai musu labarinsa fa da magariba ya cika, shi ya riƙe masa kai. Da la'asar ɗin da suke faɗa yana numfashi.

Sau uku hakan ta faru, a ƙauyuka dabam-dabam. A na ukun ne ya ce in raka shi, don yana son wani ya gani, ko shi ne hankalinsa ya fara taɓuwa. A lokacin cutar ta ɗauke akawu, kekensa yana jingine a ɗakin ajiya, aka yarda Labbo ya ara. Kwana huɗu na yi ina koyo a filin bayan kamfani, ina da shekara ashirin da uku, na kuje gwiwoyi biyu, na shiga cikin garken tumakin wani Bafulatani har ya bi ni da sanda. A rana ta biyar, bayan mun idar da sallar asuba, muka kama hanyar Tsafe. Ban da takardu, saƙo ɗaya muke ɗauke da shi. Wani ɗan dako mai suna Bawa ya rasu jiya da magariba, aka binne shi a daren, uwarsa tana wani ɗan ƙauye tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe.

Ban manta sanyin wannan safiya ba. Numfashinmu yana fita kamar hayaƙi, hawaye na zubo mini ba don kuka ba, suna bushewa a kumatu. A fadamu wani farin tururi ya kwanta daidai ƙugu, sai in ga Labbo a gabana rabinsa na sama kawai yana tafiya, ba keke ba ƙafa. Babu tsuntsun da ya yi kuka. Ba abin da nake ji sai ƙarar sarƙa da haƙorana da ke haɗuwa. Gonakin auduga sun zama tsirara, karan dawa a tsaye jeri-jeri, a wannan ɗan hasken sai ka rantse mutane ne suka tsaya suna kallonka. Sau biyu muka wuce ƙauyen da ya kamata a ga hayaƙin wuta a ƙofar gida, ba mu ga ko kare ba.

Rana ta fara taɓa kan dutsen Kwatarkwashi, gindinsa yana cikin duhu-duhu, sai Labbo ya ja birki ya sa ƙafa a ƙasa. Ya nuna mini hanya da haɓa. A gabanmu, inda tayoyinmu ba su kai ba tukuna, ga sawun keke ya miƙe ɗoɗar. Na sauka na tsuguna. Ga shaidar babban yatsa, ga layuka uku, bayan taku kaɗan ga ta kuma. Na ce ai na tafiyarka ta baya ne. Ya ce kwanansa takwas bai biyo nan ba, kuma in duba da kyau. Na duba. Ayarin jakuna ya wuce jiya, sawun keken a kan na jakunan yake, raɓa ta kwanta a cikinsa ba abin da ya taɓa ta. Gani ya kori ji. Muka hau, muka bi shi, ni ina ƙoƙarin kada tayata ta taka shi, ban san dalili ba.

Sawun bai bar mu ba har ƙofar gidan da za mu. Da hantsi muka isa, muka tarar an shimfiɗa tabarmi, maza huɗu ko biyar a zaune sun yi jugum. Aka shiga da mu wurin uwar Bawa, wata 'yar tsohuwa da ake kira Inna Tumba. Da ta ga Labbo sai ta ce, "Ai ka hwaɗa man jiya, ɗan nan. Ka tsaya can gindin tsamiya da la'asar, ko sauka ba ka yi ba, kac ce Bawa, kaj juya."

Na dubi Labbo ina jiran ya musa, ya rantse, ya ce ga ƙanena shaida. Bai yi ko ɗaya ba. Ya kwance tsumman hannunsa, ya sauke rawani ta ga fuskarsa, ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ya ce mata Bawa kwana biyu kawai ya yi a kwance. Ya ce abokan aikinsa ba su guje shi ba, wane ne ya kwana a kansa, wane ne ya yi masa wanka. Ya ce ya cika da kalmar shahada, kuma kafin nan ya yi maganar wata akuya ja da ya bar mata, ya ce kada a sayar. Ya kwatanta mata inda aka sa shi, kusa da wata aduwa, da yawan sahun da aka yi masa. Tsohuwar da muka tarar idonta a bushe, sai a lokacin ta fashe da kuka, ta daɗe tana yi. Da ta natsu ta ce, "Na jiya bai hwaɗa man wanga ba."

A Tsafe muka kwana, a zauren wani mai awon auduga. Da muna cin tuwo na ce masa ya bar aikin nan, ko ya je a yi masa rubutu, tun da ga shi wani abu yana yawo da kamarsa. Ya ce rubutu ya sha, aiki kuwa ba zai bari ba. Ya ce, "Ko mi ne ne, suna kawai shika kaiwa. Ya jefa musu suna ya bar su da shi. In na zauna gida, wa zai kai musu sauran?"

Nakan tuna wannan magana idan na zauna da yamma jikokina suka kunna rediyo ana karanta sanarwar rasuwa. Wane ya rasu, za a yi jana'iza ƙarfe kaza, sai a wuce na gaba. Ban ce abin banza ba ne. Da muna da shi a wancan ɗari, da an hutar da ƙafafun yayana. Yau mota tana zuwa Tsafe ta dawo kafin a sauke tukunyar rana, keke ya zama abin kai niƙa, allurar sanƙarau kuwa har gida ake biyo mutum da ita. Na tabbata da Labbo ya ga kwalta da sai ya tsuguna ya shafa ta da hannu don murna, mutumin da tsidau ya hana sakat. Amma ina jin zai tambaye ni, bayan an karanta sunan, wa ke tashi ya tafi? Ba ni da amsa mai daɗi. Sau nawa aka ce mini, ai mun ji a rediyo, kuma maganar ta ƙare a nan.

Kashegari muka juyo da asuba. Sanyin ya fi na jiya, ga iska tana dukanmu ta gaba. Ni da ban saba ba, cinyoyina sun yi tsami, wuyana ya riƙe saboda sunkuyo, kaina yana sarawa. Ban gaya wa Labbo ba. Kowa ya san da me cutar ke farawa.

Kusa da Kwatarkwashi akwai wata 'yar hanya da ke ratsewa hannun dama, ita ce ke zuwa ƙauyenmu. Jiya da muka wuce ta na dube ta, kamar yadda kowa ke duban hanyar gidansu, ba kome a kanta sai sawun awaki. Yau da muka iso, ga sawun keke ya hau kan namu na jiya, ya karya ya shiga cikinta. Ga babban yatsa, ga layuka uku.

Muka tsaya. Daga ƙauyenmu mutum biyu ne kawai suke Gusau a shekarar, kuma ga mu a tsaye. Abin nan gidan uwar mamaci yake zuwa, uwarmu kuwa ɗaya ce. Labbo ya dube ni, na dube shi, idanu kaɗai muke gani na juna ta tsakanin rawani. A nan ne na yi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Na taɓa wuyana, na ce a zuciyata, ya Allah kada ya zama ni. Ban ce ya zama shi ba, Allah shaida ne. Amma mu biyu ne, kuma na san lissafin. Shekara arba'in da biyu ina neman gafarar wannan addu'a.

Ya ce, "Hau mu tahi."

Ban san ina da ƙarfin da na taka keke a wannan hanya ba. Ƙaya ta fasa mini tayar gaba, ba mu tsaya faci ba, muka cusa mata busasshiyar ciyawa muka ci gaba tana ƙwanƙwasa. Sawun yana gabanmu, ya bi ta bakin rijiya, ya kewaye kukar da muke wasa a gindinta muna yara, kamar wanda ya san garin. A bakin gari wani maƙwabcinmu yana jin ɗumi ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, Labbo, jiya ka zo ba ka ko gaisa da mutane ba." Muka wuce.

Ba mu tarar da tabarma a ƙofar gida ba. Inna tana tsakar gida tana kaɗi a rana. Da ta gan mu ta ajiye mazari, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɗan saci kallon Labbo ta kawar da kai. Haka take yi masa kullum. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, ko abinci za ta ba shi sai ta ce a kai wa wancan. Na ƙagu, na ce, "Inna, an ce wani ya zo jiya."

Ta ce, "Ya zo. Ina daka ya tsaya bakin danga. Da na ga bai sauka ba na san ba nawa ba ne, nawa bai taɓa yi man magana daga bisa ba. Sai na ba shi baya na ci gaba da dakana da ƙarhi."

Na ce, "Mi ya ce?"

Ta ce, "Wa ka jin magana cikin ƙarar turmi?" Ta tashi ta ɗora mana ruwan zafi.

Muka wuni, muka kwana. Da asuba sanyi ya tashe ni, na leƙa ta ƙofar ɗaki, sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Inna da Labbo suna zaune a bakin murhu su biyu, gwiwa da gwiwa, tana magana ƙasa-ƙasa, shi kansa a sunkuye. Na ga ta ɗebo man kaɗe ta kama hannunsa tana shafa masa a yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na koma na kwanta. Na ce shi ke nan, sunana ta ji, tana gaya masa yadda za a yi da ni.

Da gari ya waye ya ɗaure rawani ya ce in zauna mako guda in gyara wa Inna jinkar rumbu, shi zai koma. Wannan ya ƙara tabbatar mini. Na yi kwana uku ina jiran mutuwa, ina juya wuya kowace safiya in ji ko ya ƙara riƙewa. A na huɗu na tashi garau, ashe gajiyar keke ce. Na gyara jinka, na koma Gusau da kunya da murna a cakuɗe.

Labbo ya ƙara kusan mako uku a kan hanya. A wannan tsakanin bai huta ko rana ɗaya ba, har ranakun da kamfani ba shi da takarda yakan fita. Na lura ya daina gaggawa. Gidan da a da zai yi rabin sa'a, sai ya zauna har a yi azahar da shi. Ya kai matarsa da 'yarsa wurin danginta a Bungudu, ya ce iskar can ta fi. Ranar wata Laraba masu jakuna suka tsince shi a gefen hanya tsakanin Bungudu da Gusau, ya jingine keken a jikin marke da kyau, shi yana kwance a gefe ya riƙe kai. Suka ɗauko shi. Kwana biyu ya yi a rumfata. Ni na riƙe shi, ni na yi masa wanka.

Da aka rufe shi, mutane suka tsaya suna duban juna, don wanda ake aikawa shi ne aka rufe. Washegari da asuba na naɗe hannuna da tsummansa na hau kekensa. Duk tsawon hanyar idona yana ƙasa, ina neman sawun. Ban ga kome ba sai na jakuna da awaki, shaidar babban yatsan kuwa a bayana take fitowa. Tun daga bakin rijiya na sauka na turo keken da hannu. Na jingine shi a waje, na sauke rawani, na shiga na zauna a ƙasa gaban Inna. Na gaya mata kwana nawa ya yi, da wanda ya ɗauko shi, da abin da ya ce, da inda aka sa shi. Ta saurara har na gama ba ta katse ni ba.

Sannan ta ce, "Turmi bai hana ni ji ba, Ummaru. Na ji tun ran nan. Sunan da ban taɓa hwaɗi da bakina ba, shi yah hwaɗi."

Na ce, "Inna, kin sani kika bar shi ya hau hanya?"

Ta ce, "Na gaya mai da asubar nan. Na ce ya zauna nan kusa gare ni, in ya zo ya ishe shi gida. Ya ce akwai gida biyu Nahuce da anka jefa ma suna, ba a kai musu sauran ba. Ya ce kuma kada in gaya maka, kai mai tsoro ne." Sannan a karo na farko a rayuwata na ji ta kira shi. Ta ce, "Labbo," sau ɗaya, a hankali, kamar mai gwada ko bakinta zai iya.

Bayan rasuwarsa ban ƙara jin wani ya ce ya ga mai keken ba. Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce kada in zurfafa. Wani abokina da ya yi boko ya ce wataƙila ɗaya daga cikin masu awon hanyar jirgi ne yake yawo fuska a rufe, tsoro ya ƙarasa sauran. Na so in yarda da shi. Amma ni na tsuguna na ga ɗinkin fatar nan, kuma uwata ba ta ƙarya. Na bar wa Allah saninsa.

Abin da na fi juyawa a raina yanzu da na tsufa ba mai keken ba ne. Makonni ukun nan ne. Mutuwa rigar kowa ce, amma ba kowa ake nuna wa tasa a rataye ba. An nuna masa, ya tashi ya shafa mai a leɓe ya fita cikin sanyi zuwa gidajen da ake ajiye masa ruwa a ƙasa. Bai bar gona ba, bai bar gida ba, keken ma na kamfani ne aka karɓe. 'Yarsa tana nan Bungudu da jikoki, ba ta tuna fuskarsa. Sai dai shekaru kaɗan da suka wuce na je Nahuce ɗaurin aure, wani dattijo ya ji an ce ni ƙanen Labbo ne, ya taso da sandarsa ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce gidansu ɗaya ne daga cikin biyun. Ya ce har yau ya san aduwar da aka binne wansa kusa da ita a Gusau, ya taɓa zuwa ya tsaya a wurin, kuma bai ɓata ba, don kwatancen da aka yi musu daidai ne.

Zumunta a ƙafa take. Ni yanzu ƙafar ta gaza, keke kuwa 'ya'yana sun hana ni hawa. Amma in aka yi rasuwa a unguwarmu, mamacin yana da uwa ko 'yar'uwa a ƙauye, nakan sa a ɗora ni a mota in je, ko da sun riga sun ji. In sauka, in zauna a ƙasa, in faɗi sauran. Allah ya jiƙan Labbo, ya jiƙan Inna, ya yafe mini abin da na roƙa a mararrabar Kwatarkwashi.